Ashana ko laita: yadda ake haɗa fitilar ibadar 'yan Hindu

Masu aiki a gidajen Indiyawa a Bauchi, kuku ne ko mai shara, sukan ci karo da ɗan kaskon yumɓu mai baki kamar na buta, wanda ake kunnawa safe da magariba. Sunansa diya. Tambayar da aka fi yi ita ce ko ya halatta a kunna shi da laita.

Addinin Hindu ba shi da hukuma ɗaya mai yanke hukunci, kowane gida na bin al'adar iyayensa da ta yankinsa. A manyan hadayu na tsohon tsarin Veda, tsofaffin littattafansu masu tsarki, ana murza itace biyu, arani, har wuta ta tashi, kamar dai yadda kakanninmu suka dogara da ƙyastu. Fitilar gida kuwa ashana ake sa mata, ita ma ashanar ba daɗaɗɗiya ba ce: John Walker ya ƙirƙiro ta a Ingila a 1826. Don haka gidaje da yawa ba su ga aibin laita ba, muddin ba wadda ake kunna taba ko murhun nama da ita ba ce. A ware wa fitilar tata. Waɗanda suka fi tsanani sukan kunna ƙaramar fitila ɗaya da ashana, su ɗauki wuta daga gare ta zuwa sauran. Ka tambayi uwargida tun ranar farko.

Laita gajera tana da matsalar da ba ta shafi addini ba. Idan ka kifa ta cikin kasko harshen wutar sama yake yi, ya lashe maka babban yatsa. Doguwar laitar kunna gas ta fi, amma mai fitar da harshe, domin mai tartsatsi kawai ba ta kama lagwani.

Inda aka fi kuskure shi ne mai. Kananzir ba ya shiga, wannan ba aci-balbal ba ce. Man shanu ne kan gaba, sai man riɗi. Mutanen Arewacin Indiya na sa man mastad, na Kudu kuma man kwakwa, kuma da yawa daga cikinsu ba sa son man gyaɗa a fitila. Ɗanyen man shanun da ake sayowa wurin Fulani yana ɗauke da ruwa da guntun nono, shi ya sa yake ƙara yana fallatsi, wutar ta mutu. A soya shi a wuta kaɗan-kaɗan har kumfa ta kwanta, dattin ya yi ja a ƙasa, a tace da farin ƙyalle. Kada a jefa albasa kamar yadda aka saba yi wa man tuwo, wasu gidajen ba sa kusantar da albasa da tafarnuwa wurin ibada. A kuma kiyayi mai algus, musamman wanda aka haɗa da kitse, domin saniya abar girmamawa ce a wurinsu. Dalilin da ya sa wasu ke ƙin kyandir ke nan, tsoron kitsen dabba.

Sabon kasko a jiƙa shi cikin ruwa na 'yan awoyi, a bar shi ya bushe sarai a inuwa, in ba haka ba yumɓun zai shanye man. Lagwani auduga zalla ake murzawa tsakanin tafin hannu, tsawon yatsa, kaurinsa bai wuce tsinken ashana biyu ba. A tsoma shi cikin mai, a matse bakin, a bar kamar rabin santimita a waje. Idan ya yi tsawo sai baƙin hayaƙi, idan ya nutse ba zai kama ba. Cokalin cin abinci biyu na mai kan kai awa biyu zuwa uku. Ana ɗora kaskon a kan faranti, bakinsa na kallon gabas ko arewa.

Bikin Diwali, wato bikin fitilu na 'yan Hindu, na faɗowa a Oktoba ko Nuwamba, daidai shigowar hunturu. Man shanu kan daskare da sanyin dare, iska kuma ta kashe fitilun waje, don haka na tsakar gida da bakin ƙofa a sa musu man riɗi a jera su jikin bango, nesa da labule da janareta. Fitilun lantarki masu batir sun samu karɓuwa wajen ado da wuraren da aka hana wuta, amma gaban abin bauta yawanci wuta mai rai ake so.

Ba a hure fitilar da baki. Ana janye lagwanin cikin mai da tsinke, ko a danne wutar da fure. Ba a shiga wurin da takalmi, kuma da hannun dama ake aiki. Kunnawar gaban abin bauta aikin masu gida ne; ma'aikaci Musulmi ko Kirista da bai yarda ya taɓa ba sai ya faɗa tun wajen ɗaukar aiki, ya tsaya ga sayo mai da auduga a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal.