Yadda Ake Zaɓar Jirgin Jan Masu Sulun Ruwa: Faibagilas Ko Alminiyom?

Yawancin masu sayen jirgi karon farko a tafkunan Amurka, irin su tafkin Pepin na jihar Minisota inda Ralph Samuelson ya fara sulun ruwa (wato jirgi ya ja mutum da igiya yana tsaye kan katako a saman ruwa) a 1922, gudun jirgi suke tambaya. Nan suke fara yin kuskure. Mai sulun nishaɗi da katako ba ya buƙatar gudu fiye da kilomita 58 a awa, don ko a gasar kewaya alamomi da katako ɗaya iyakar gudun maza ke nan. Abin dubawa shi ne ƙarfin fizgar mutum daga cikin ruwa, da tsayuwar jirgi a kan layinsa.

Mataki na farko: wa za ka ja?

In yara ne a kan tub, wato robar nan da ake hurawa a hau, gudun kilomita 15 zuwa 20 ya ishe su, kuma jirgin alminiyom mai ƙafa 17 ko 18 zai yi aikin ba wahala. Manya a kan tub kada a wuce 30 da su. Mai katako biyu a ƙafa yana son 35 zuwa 40. Amma in akwai ƙaton mutum mai sulu da katako ɗaya, to lissafi ya sauya.

Mataki na biyu: nauyi

Alminiyom ba shi da nauyi, shi ya sa ƙaramin inji ke ɗaga shi, man da yake sha kaɗan ne, ƙaramar mota ma na jan tirelarsa. Sai dai rashin nauyin nan shi ne aibinsa. Idan mai sulu ya karkata gefe ya ja igiya da ƙarfinsa, za ka ji gindin jirgin ya bi shi, direba na ta kokawa da sitiyari. Iska ma tana tura shi gefe daidai lokacin da kake ƙoƙarin zagayowa ka ɗauki wanda ya faɗi.

Jirgin faibagilas, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zaren gilashi, mai tsawo iri ɗaya yakan kusa ninka shi a nauyi. Yana zama daram, yana yanka taguwar ruwa maimakon ya riƙa dukanta, sahun da yake bari a baya kuma a tsare yake. Kamfanonin da suka ƙware a jiragen sulu, irin su MasterCraft da Nautique da Malibu, da faibagilas suke ƙerawa, inji a cikin jirgi, farfela a ƙarƙashinsa. In da gaske kake sulu, faibagilas za ka saya, magana ta ƙare. Kuɗinsa dai sai ka daure.

Mataki na uku: gwajin tashi

A nan ake shan kunya. Mutum ya gwada jirgi shi kaɗai da rabin tanki, ya ji yana tashi kamar tsuntsu, ya biya. Ranar hutu ya loda mutum biyar da kula da cikakken tanki, ya taka wuta, goshin jirgi ya ɗaga sama ya ƙi sauka, mai sulu kuwa yana can baya ana jansa cikin ruwa, hanci da baki sun cika, har igiya ta kufce masa.

Saboda haka ka yi gwajin da lodin da za ka riƙa ɗauka. Daga tsaye ka buɗe wuta gaba ɗaya, ka ƙirga. Jirgin da ya wuce daƙiƙa biyar ko shida bai daidaita a saman ruwa ba, ba tare da yana jan kowa ba, zai wahalar da kai. Lissafin da aka saba da shi: ƙarfin doki ɗaya ga kowane kilo 11 zuwa 18 na jimillar nauyi. Mai jan mutane ya tsaya wajen 11. Alminiyom mai ƙafa 18 yana yi da doki 115, faibagilas irinsa kuwa ka nemi 150 ko fiye. Kada ka haura adadin da ke rubuce a farantin da ke kusa da sitiyari.

Kafin ka ce inji ya gaza, sauya farfela. Rage karkatar fiffikenta da inci biyu yana ƙara juyin inji da kusan 300 zuwa 400 a minti, tashi ya yi kaifi, gudun ƙarshe ya ɗan ragu. Ya fi sayen sabon inji araha nesa ba kusa ba. Ka kuma sauke injin ƙasa sosai kafin tashi, sannan mutum biyu su koma gaba.

Mataki na huɗu: inda za a ɗaura igiya

Jirgin alminiyom mai injin ratayawa yawanci ba shi da sandar ja. Sai ka sa igiya mai reshe biyu a zobban allon baya, mai ɗan kwalabar da ke hana ta nutsewa ta naɗe farfela. Kada ka ɗaura tub a hasumiyar sama, wato ƙarfen da ake kafawa a saman jirgi don ɗaura igiya. In goshin tub ɗin ya nutse, nauyin ruwan na iya tumɓuke ta. Igiyar tub ƙafa 50 zuwa 65 ce, ta sulu 75, kuma ba a musanya su.

Mataki na biyar: duba na hannu

A faibagilas, ƙwanƙwasa allon baya da gindin sukuddireba. Ƙara mai kaifi lafiya, mai dushi-dushi kuwa katakon ciki ya ruɓe, gyaransa na iya fin kuɗin jirgin. Taka daɓen ka ji ko yana lotsawa. A alminiyom, zuba ruwa a ciki yana kan tirela, ka leƙa ƙasa ka ga ribit ko waldar da ke ɗiga. Fari-farin gari a jikinsa alamar ruwa na cinsa ne.

In gaɓar tafkinku duwatsu ne, alminiyom zai lotsa ya ci gaba da aiki, faibagilas kuwa tsagewa zai yi. Ko wanne ka ɗauka, a sa rigar hana nutsewa, a zaunar da mai kallon baya, direba ya maƙala igiyar kashe inji a jikinsa, kuma a kashe injin kafin kowa ya matso kusa da farfela.