Yadda Za Ka Zaɓi Unguwar Da Za Ka Sayi Gidanka Na Farko A Kaduna Ba Tare Da Hanyar Aiki Ta Cinye Ka Ba

Duk wanda ya gaji da zaman haya a Kaduna, da zarar ya ji an ce ga gida mai sauƙin kuɗi sai hankalinsa ya tashi, ya manta cewa gidan nan kullum sai ya fita daga cikinsa da sassafe ya tafi aiki ya kuma dawo da yamma. Dillali kuwa wayo gare shi, ranar Lahadi da hantsi zai ɗauke ka ya kai ka, titi fayau ba kowa, ya ce maka "Alhaji ai minti goma sha biyar ne zuwa cikin gari." E, ranar Lahadi minti goma sha biyar ne. Ranar Litinin fa?

Abu na farko, tun kafin ka kira wani dillali, zauna ka rubuta wuraren da dole sai ka je a kowane mako. Wajen aikinka, makarantar yara, wajen aikin uwargida in tana aiki, kasuwa, gidan iyaye. Mai aiki a sakatariya ko asibitin Barau Dikko lissafinsa daban da na mai aiki a makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA ko filin jirgi ta ɓangaren Mando, haka shi ma daban da mai aiki ta wajen matatar mai a hanyar Kachia. Sannan ka duba ko sai ka tsallake kogi, don kogin Kaduna ya raba garin biyu kuma gadojin ba su da yawa, wanda ke Barnawa ko Narayi yana aiki a Kawo ya san abin da nake nufi, ya san shataletalen Station da safe.

Na biyu, kuma nan ne mutane ke kasala, ka gwada hanyar da kanka. Ka tashi ka je unguwar da kake sha'awa ranar aiki, ƙarfe bakwai na safe ta yi maka a ƙofar gidan, ka kama hanyar ofis kana duba agogo. Ka sake yi da yamma lokacin tashi daga aiki. Kuma ko kana da mota ka yi sau ɗaya a abin hawan haya, saboda wata rana motar tana wajen bakanike, ka ga mashin nawa, keke nawa, bas nawa za ka hau kafin ka isa, da tsawon lokacin da za ka tsaya a bakin titi. Akwai unguwannin da in magariba ta wuce mai keke ba zai shiga ba sai ka ninka masa kuɗi. Wanda yake tunanin Rigachikun ko Maraban Jos ya gwada shigowa ta Kawo, gadar sama ta rage cunkoso sosai amma nisan yana nan yadda yake. Mai tunanin Rigasa ko Kinkinau ya gwada tsallake baifas ɗin Nnamdi Azikiwe da tirelolinsa. Millennium City kuwa kusa take da Unguwan Rimi in ka bi ta gada, amma fa garin da faɗi, wani gidan yana bakin kwalta wani kuma sai ka yi ta kutsawa cikin jar ƙasa, duk kuma sunansu ɗaya a bakin dillali.

Na uku sai lissafi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin zirga-zirga ya zama kamar haya ta biyu. Misali kawai, a ce gidan nesa zai ƙara maka naira 2,000 a rana kan abin da za ka kashe in kana kusa, kwana 22 na aiki naira 44,000 ke nan a wata, a shekara 528,000, cikin shekara goma ka haura miliyan biyar, ba a sa na yara ba, ba a sa gyaran mota ba. To in bambancin gidan nesa da na kusa miliyan uku ne, wa ya ci riba? Ni a ganina gara ɗaki biyu da falo a inda za ka isa aiki cikin rabin awa da katafaren gida a inda kullum sai ka yi sallar asuba da takalmi a ƙafa. Na san wasu ba za su yarda ba, musamman mai iyali da yawa, kuma shi ma da gaskiyarsa.

Masu aiki a Abuja suna zaune Kaduna, ku naku daban ne. Jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Kubwa da Idu yana aiki tun 2016, kuma kusanci da tashar abu ne mai kyau, sai dai kar mutum ya ɗora rayuwarsa gaba ɗaya a kansa, bayan harin watan Maris na 2022 sai da aka yi watanni jirgin bai tashi ba. A duba yadda fita zuwa titin Abuja yake daga unguwar shi ma.

Na huɗu, ka ga unguwar da damina. Wannan ba wasa ba ne, Agusta zuwa Satumba ne lokacin da gida ke faɗin gaskiya. Wuraren da ke gaɓar kogi irin su Kigo Road da wasu sassan Rafin Guza da Kabala sun sha ambaliya ba sau ɗaya ba. In ba za ka iya jira damina ba, duba gindin katangu ko akwai shatin ruwa, ka lura in an yi sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ka duba ko akwai kwalbati da magudana. Lungun da ke da kyau da rani yana iya zama inda za ka riƙa ajiye mota a bakin titi kana tattare wando.

Daga nan sai tambayar mutanen unguwa, kuma ka je kai kaɗai ba tare da dillali ba. Mai shayi, mai shagon kan kwana, mai ruwa, su ne za su gaya maka awa nawa ake samun wuta, taransifoma ta taɓa lalacewa ta yi wata nawa, rijiya na ƙafewa a watan Maris ko a'a, akwai 'yan sintiri, ɓarayi na haurawa, ƙarfe nawa mutane ke shigewa gida. Ka yi sallar isha'i a masallacin unguwar ko da sau ɗaya, ka ga yadda wurin yake da dare. Maganar tsaro a unguwannin bakin gari kuwa kar ka ji kunyar tambaya, kuma ka tambayi mutum fiye da ɗaya, don mai son ya sayar ya tashi ba zai gaya maka dalilin tashinsa ba.

Sai takardu, kuma kar ka biya ko kafin alƙalami sai an duba. Takardar mai unguwa da shaidu tana da amfaninta amma ba ita ce mallaka a wajen gwamnati ba. Ka nemi ganin takardar mallaka, wato C of O, ka je KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a bincika fayil ɗin a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da gidan a banki, ko filin na makaranta ne ko hanya. Ka tambayi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, ka kuma guji gidan da ke ƙarƙashin babbar wayar wuta ko dab da layin dogo, mutanen Kaduna sun ga rusau da idonsu. In gidan gado ne, sai duk magada sun sa hannu, har wanda yake Legas ko Saudiyya. Kuɗin lauya bai kai kuɗin shari'a ba, ka ɗauki naka, kar ka dogara da na mai sayarwa.

Ma'aikacin da ake cire masa kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa zuwa asusun gidaje na ƙasa yana iya neman rancen bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya, ruwansa kashi 6 ne kuma ana iya biya har shekara 30, wanda kuma ba ya son mu'amala da ruwa ya tambayi bankunan Musulunci tsarin da suke da shi. Ko ta wace hanya ka bi za su nemi takardun gidan cikakku, saboda haka gidan da takardar mai unguwa kawai gare shi sai dai ka biya da kuɗin hannu. Kuma ka ware na la'ada, na lauya, na canjin suna a KADGIS da na gyaran da ba a rasawa, kwano mai yoyo ko sokawe da ta cika, kafin ka ce wa mai gida "na saya."