Kafin ku sayi fitilar ado da kujerar aiki

'Yan uwa masu gyaran gida ko ofis, kada kyawun fitila ya ruɗe ku, ku duba lambar da ke jikin kwalin ƙwan, mai harafin K a ƙarshe, wadda ke nuna launin haskensa. Mai 2700K zuwa 3000K haskensa ja-ja ne mai taushi, shi ya dace da falo da ɗakin kwana. Teburin aiki kuwa 4000K yake so. Mai 6500K ɗin nan da ya cika kasuwa mayar da falo yake kamar ɗakin asibiti.

Kujera kuma kada ku saya daga hoto. Ku zauna a kai tukuna: tafin ƙafa ya taka ƙasa sosai, bayanta ya tokare ƙugu. Ni dai mai raga nake zaɓa, domin ta leda in zafin Afrilu ya zo, riga manne wa baya take.