Yadda nake haɗa amfilifaya a mota

Kafin ka taɓa komai, cire kan batir na negetif. Wannan ba na wasa da shi.

Jawo jar waya mai kauri daga kan fozitif zuwa but, inda amfilifaya za ta zauna, ka sa fiyus kusa da batirin, kada ya wuce santimita 45. Masu rewaya da yawa suna kai shi can baya, to in wayar ta goge a jikin ƙarfe, me zai hana gobara? Inda za ta ratsa bangon inji, ka sa mata roba. Ni ta tagulla zalla nake saya, mai arahar nan zafi take yi.

Baƙar wayar da ke haɗa amfilifaya da ƙarfen jikin mota kuwa gajeriya ake so, kaurinsu ɗaya da jar. Kankare fenti har ƙarfe ya fito fes, sannan ka ɗaure noti tamau. Yawancin ƙugin da kake ji in an taka totur, daga nan yake.

Wayoyin RCA, masu kai sauti daga rediyo zuwa amfilifaya, su bi ɗaya gefen motar, nesa da ta wuta. Siririyar shuɗiyar nan daga bayan rediyo ita ke kunna amfilifaya. Mayar da batir, ka ƙara gen, wato maɓallin daidaita ƙarfin sauti da ke jikin amfilifaya, a hankali. Da sifika ta fara karkarwa, rage shi.