Yadda ake daidaita ƙafafun mota bayan an sauke ta ƙasa, kada ta cinye tayoyi

Samarin Maradi sun kamu da son mota mai kwanciya ƙasa. Da la'asar idan ka tsaya bakin babbar hanya za ka ga Corolla ko Honda ko tsohuwar Marsandi an rage mata tsayi, an sa mata janti mai faɗi, wato ƙarfen da ake ɗora taya a kansa, taya ta kusa shigewa cikin jiki. Ni ma tana burge ni, kuma a kwalta mai kyau irin wannan mota ba ta yawan tangaɗi a kwana. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya. Bayan wata biyu ko uku mai mota ya tsaya a ƙara masa iska, mai faci ya leƙa ƙasa ya ce, "Alhaji, tayarka ta mutu ta ciki, ga waya nan ta fito." Daga waje kuwa zanen tayar yana nan kamar sabo.

Ga dalili. Ƙafar mota ba a kafe take kamar turke ba. Tana rataye da hannuwan ƙarfe masu lilo sama da ƙasa, kuma kamfani ya auna zaman taya ne a tsayin da ya ƙera motar. Da zarar ka sauke jikin da santimita 3 ko 4, hannuwan sun bar mazauninsu, sandar sitiyari ta karkata, sai abu biyu su canza. Na farko, saman taya ya jingina ciki, ƙasanta ya buɗe waje. Masu gareji suna ce masa karosaj, kuma ido yana ganinsa. Na biyu ido ba ya gani: bakin tayoyin ya tsuke ko ya ware, kamar mai tafiya da yatsun ƙafa a haɗe ko a buɗe. Gyaransa shi ne paralelizim, wanda ƴan'uwanmu na Katsina ke ce wa alaimen.

Kowa karosaj yake ɗora wa laifi, amma na biyun ne ya fi kashe taya. Tayar da bakinta ya kauce da rabin digiri kacal, a kowace kilomita ana jan ta gefe kusan mita 9. Daga Maradi zuwa Damagaram, tafiyar da ta haura kilomita 200, an goga ta a kwalta wajen kilomita 2 ke nan, kamar mai wasa wuƙa a dutse. Ka haɗa da zafin watan Afrilu da ke wuce digiri 40. Rabin digirin nan kuma a bakin janti mai inci 15 bai kai milimita 4 ba. Idan ya gamu da karosaj, duk gugar sai ta taru a siririn gefe guda na ciki.

Mataki na farko: ka san yadda aka sauke motar

Risor shi ne murɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa da ke ɗauke da nauyin mota a kowace ƙafa. Idan gajeru aka saya, waɗanda aka ƙera don irin motarka, to da sauƙi. Idan kuwa yanke na asali aka yi, ko aka gasa su da wutar walda har suka lanƙwashe, ka dakata. Wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen, kuma da wuya hagu da dama su zo daidai. Ajiye motar a daɓen siminti mai shimfiɗa, ba a yashi ba, ka auna daga tsakiyar janti zuwa bakin jikin mota a ƙafafu huɗu. Idan wani gefe ya fi ɗan'uwansa da sama da santimita 1, babu awon da zai zauna sai an canza risor. Amortisar, wato abin da ke shanye girgizar mota, ita ma a duba ta, domin ta asali an yi ta ne don doguwar tafiya sama da ƙasa, idan aka matse ta sosai takan mutu da wuri.

Mataki na biyu: kayan ƙasa

Yawancin motocinmu na hannu ne, sun sha hanya a Turai kafin su sauka Kwatano, sun kuma sha tamu. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, a sake kama ta hagu da dama a girgiza. Duk inda aka ji ƙwas ƙwas, akwai rotil (gaɓa mai ƙwallo da ke haɗa ƙafa da hannunta) ko rulma (abin da taya ke juyawa a kansa) ko kan sandar sitiyari da ya gaji. A canza shi tukuna. Awo a kan rotil mai wasa zubar da kuɗi ne, ramin farko zai warware shi.

Akwai wani abu da yaran gareji kan manta, kuma yana da muhimmanci. Notin da ke ratsa silambulok, wato robar da ke cikin hannun ƙafa, ba a ɗaure shi tamau motar tana rataye a jak. Sai an sauke ta, nauyinta ya zauna a kan tayoyi a sabon tsayinta, sannan a sassauta a sake ɗaurewa. In ba haka ba robar tana murɗe dare da rana, ta tsage cikin ƴan watanni, awo ya sake gudu. Ka tsaya a kansu a yi shi a kan ramin gareji, a gabanka.

Mataki na uku: iska da haƙuri

A auna iska da safe kafin taya ta ɗau zafi, a bi abin da ke rubuce a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. Sabbin risor sukan ƙara zama kaɗan, don haka ranar da aka sauke motar a ɗan saita bakin tayoyi yadda za a iya tafiya, a yi mako ɗaya ko biyu ana zirga-zirgar cikin gari, sannan a koma a yi cikakken awo. Cikin makonnin nan kada ka ɗauki hanyar Yamai.

Mataki na huɗu: auna da kanka kafin ka je gareji

Wannan ba zai maye gurbin na'ura ba, amma zai sa ka shiga gareji da sanin abin da ke damun motarka. Kana bukatar zare mai ƙarfi, ma'aunin milimita, da igiyar magina mai nauyi a ƙasa.

Don karosaj, rataya igiyar magina kusa da taya ta ratsa tsakiyarta. Auna daga igiya zuwa bakin janti na sama, sannan na ƙasa. A janti mai inci 15, idan na sama ya fi na ƙasa nisa da milimita 7, digiri ɗaya ke nan a kusance. A ganina digiri ɗaya zuwa ɗaya da rabi taya za ta jure idan bakinta yana daidai. Ya wuce biyu, sai an nemi gyara. Hagu da dama kuma kada su bambanta da fiye da rabin digiri, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda.

Don bakin tayoyi, miƙe sitiyari, ka ja zare a kowane gefen mota daga gaba har baya, daidai tsayin tsakiyar taya, a ɗaure a jikin wani abu mai nauyi. Kada ka jingina zaren a jikin tayoyi, domin faɗin ƙafafun gaba da na baya ba lallai su zo ɗaya ba. Tazarar zarurrukan biyu a gaban mota ta zama daidai da ta bayanta, nisansu daga tsakiyar taya kuma ya zama ɗaya hagu da dama. Sai a kowace taya ka auna daga zare zuwa bakin jantinta ta gaba, sannan ta baya. Yawancin ƙananan motoci bambancin bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Ka ga 4 ko 5, tayarka tana kan ƙarewa.

Mataki na biyar: a gareji

Nemi mai na'urar da ke auna ƙafafu huɗu, ka faɗa masa tun farko cewa an sauke motar. Ɗan yayata ya kai Accord ɗinsa wani gareji, aka juya masa sandunan sitiyari na gaba cikin ƴan mintoci aka ce an gama. Bai cika wata uku ba ya zo mini da tayoyin baya biyu a but, ya ce, "Kawu, dubi cikinsu, alhali an ce mini komai daidai." Ba wanda ya taɓa duba bayan motar. Honda irin wannan ƙafafunta na baya kowace da hannuwanta, suna jingina sosai idan an sauke ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin kuɗin tayoyin nan da guminsa ya tara.

Saboda haka tsarin aiki shi ne a fara da baya, a zo karosaj na gaba, bakin tayoyin gaba ya zama na ƙarshe, domin taɓa karosaj yana motsa shi. A juya sandar hagu da ta dama gwargwado ɗaya, sitiyari a kulle a tsakiya. Bayan kowane juyi a ɗan tura motar gaba da baya, roba ta saki. Ka ce, "Maigida, nuna mini lambobin kafin gyara da bayan gyara," ka ɗauke su hoto da wayarka. Makanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya.

Motoci da yawa ba su zo da wurin gyara karosaj ba. A ƙafar gaba irin ta Corolla ana samun noti na musamman mai ɗan ciki a gefe, wanda idan aka juya shi yake tura saman taya waje. A Honda irin Accord ɗin nan kuwa sai hannu na sama mai saiti. Corollar da bayanta ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu ba ta da wurin saiti a baya, amma kuma saukewa ba ta cika jirkita shi ba. Idan wani ya ce zai gasa hannun ƙafa ya tanƙwara, ko ya faɗaɗa ramin noti da wuta, ɗauki makullinka ka tafi. Ƙarfen nan shi ke riƙe da taya kana gudun kilomita 100. In kayan gyara ba su samu ba, ka ɗaga motar da santimita 1 ko 2, karosaj zai ragu da kansa. Kafin ka fita a duba fitilun gaba, su ma saitinsu yakan canza.

Mataki na shida: karanta tayarka

Taya tana ba da labari tun kafin ta mutu. Murɗa sitiyari har ƙarshe ka ga gefen ciki, na baya kuma ka durƙusa da tocila. Shafa tafin hannunka a kan zanen daga waje zuwa ciki, ka dawo. Idan ta wani ɓangare sumul ne, ta ɗayan kuma yana kama hannu kamar haƙoran zarto, bakin tayoyi ne ya kauce. Idan gefen ciki ya cinye sumul babu kaifi, karosaj ne. Tudu da kwari a kewayen taya amortisar ce ta mutu. Tsakiya kaɗai ta cinye, iska ta yi yawa. Gefe biyu, iska ta yi kaɗan. A cikin kwarin zanen akwai ƴan tudu masu tsayin milimita 1.6. Zane ya yi daidai da su ko a gefe guda ne, tayar ta gama aiki. Mai sayen tayar gwanjo ya duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

A riƙa musanya tayoyin gaba da na baya duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Taya mai kibiya a jikinta ba a kai ta ɗaya gefen, gaba da baya kawai take yi.

Sai hanyoyinmu. Tudun rage gudu a hau shi sannu. Da damina ruwa yana ɓoye ramuka a unguwanni, kuma motar da aka sauke wurin lotsawarta ya ragu, bugun yana tafiya kai tsaye cikin rotil da sandar sitiyari. Wanda ke yawan bin hanyar jar ƙasa zuwa ƙauye, ko yake lodin buhuna ranar kasuwa, saukewar santimita 3 ta ishe shi. Duk ranar da ka faɗa rami mai ƙarfi, ko ka ga sitiyari ya karkace alhali motar tana tafiya miƙe, ka fito da zarenka a makon nan ka sake aunawa.