Yadda na rage zafin ɗaki da fankar sola

A ƙauyenmu da ke gefen Ringim, zafin watan Afrilu tsakanin kwano da silin yake taruwa, ya hana yara barci. Fankar lantarki ta fi ƙarfi, amma da rana tsaka ba kasafai muke samun wuta ba. Sai na ɗauki ta sola mai volt 12, na kafa ta a bangon da ke ƙarƙashin rufi tana fitar da iska waje, farantin da ke karɓar hasken rana kuma yana kallon kudu. Abin da ya fi muhimmanci: na huda ɗaya gefen domin iska ta shigo, na toshe da raga saboda jemagu. Ba batir, tana tsayawa da magariba. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙurar farantin.