Gyaran Tayar Baya ta Babur: Abin da Za Ka Iya da Hannunka

Yawancin aikin tayar baya bai kai a biya dila ba. Sufana biyu, ma'aunin iska da man kaca sun wadatar.

Don saita kaca, kafa babur a kan ƙafar tsakiya, ka juya taya a hankali har ka gano inda kaca ta fi tauri, domin ba ta cinyewa daidai ko'ina. A nan za ka auna. Galibi ana son ta yi wasan milimita 20 zuwa 30 sama da ƙasa, amma littafin babur ɗinka ne alƙali. Sassauta babban notin da ya riƙe taya, ka juya notocin jan kaca na hagu da dama daidai wa daida, kana duba zanen awo da ke jikin ƙarfen da ke ɗauke da taya. In gefe ɗaya ya wuce, taya ta karkace, haƙoran kaca su cinye a gefe. Bayan ka ɗaure, sake aunawa, don ɗaurin kan ƙara mata tauri. Kaca mai tauri ta fi mai sako-sako ɓarna: boris ɗin giya take kashewa. In birkin baya irin wanda sandar ƙarfe ke ja ne, sake saita shi, tunda taya ta ja baya.

Shafa wa kaca mai duk bayan kimanin kilomita 500. Iska kuwa a auna ta taya na sanyi.

Kama taya ka girgiza ta gefe da gefe. In ta yi ƙwas-ƙwas, boris ɗin taya ya tafi. Wannan, da miƙe rim da ya lanƙwashe, da matsalar ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki), na masu kayan aiki ne. Babur mai garanti ma, karanta sharuɗɗansa kafin ka kwance komai.